Awakin Tica Gittens

Tunapuna, Satumba 1953

Ƙanena Ormond,

Gaisuwa mai yawa, da fatan takardar nan ta same ka lafiya. Ni ƙalau nake, in ban da ƙafar dama da keken ɗinki ya sa a gaba. Tanti Philo mai awaki tana gaishe ka. Ta ce in tambaye ka ko gaskiya ne Turawa ba sa sa barkono a kifi, in kuwa gaskiya ne, me ka je yi can? Damina ta yi ƙarfi bana. Rufin kicin yana yoyo daidai inda ka liƙe shi da kwalta kafin ka tafi, saboda haka duk ranar da aka yi ruwa sai na tuna da kai.

Jikin Baba garau, yana cin abinci kamar mai saran rake. Kan ne dai. Na daɗe ina ɓoye maka, amma ga abin da ya faru ranar Asabar.

Na shiga wanka da safe, na fito babu shi. Babu baƙar kwat ɗinsa ta zuwa coci, babu ƙararrawar nan ta tagulla da makaranta ta ba shi ranar da ya ajiye aiki. Wandonsa kuwa yana rataye a bayan ƙofa. Ka san ni ba mai gudu ba ce, amma ranar na yi. Tun daga bakin kasuwa nake jin kilin-kilin. Na kutsa cikin mutane, sai ga Tica Septimus Gittens, hedimastan da ya koyar da rabin garin nan, sama kwat da taye da hula, ƙasa gajeren wandon barci, ƙafa ba takalmi, ya tsaya gaban awakin Tanti Philo yana kiran suna. Sunayen ɗalibansa na da ne, bai tsallake ko ɗaya ba. Ya kira Lezama, wanda yanzu lauya ne a Port of Spain, wata akuya ta yi kuka, ya ce, "Madalla, zauna." Ya juya ga bunsurun nan mai gemu ya tambaye shi bakwai sau takwas. Ana cikin haka sai ga jakin mai gawayi ya shigo. Baba ya ciro agogon aljihu ya duba, ya ce, "Yanzu ake zuwa makaranta?" ya zuba masa sanda a gindi.

Amma ka ji abin da mutanen kasuwa suka yi. Ba wanda ya yi dariya, ko da yake na ga mai kifi ya cusa fuska cikin hularsa. Tanti Philo ta kwance zanen da take ɗaurawa a gaba, ta ɗaura masa a ƙugu kamar mai gwada yadi, tana cewa, "Tica, an tashi, yaran sun gaji." Ya ce, "Sun yi ƙoƙari yau." Mai gawayi ya cire hula ya ce, "Tuba muke, Tica, gobe da wuri za mu zo." Muka taho gida kowa na ce masa barka da safiya Tica, kamar kullum. Har yau ba wanda ya tayar mini da zancen.

Ka rubuto masa ko layi biyu ne. Yakan tambayi ina kake, in ce Ingila, ya ce shi bai ba ka izinin fita daga aji ba. Ni kuwa sunana ya fara ɓace masa. Jiya da sunan marigayiya Mama ya kira ni.

Ka riƙa sa rigar sanyi, ka ci abinci.

Yayarka,
Ismay


Tunapuna, Oktoba 1953

Ormond,

Ina gaishe ka, da fatan sanyi bai kayar da kai ba. Ban ji daga gare ka ba, amma ban iya jiran amsa ba.

Na kai Baba wajen likita. Ya ce tsufa ne ya ci ƙwaƙwalwar, babu magani, kuma gaba zai riƙa yi, ba baya ba. Na dawo na zauna gaban keke na kasa taka shi.

Abin da ya sa na rubuto shi ne wancan labari na kasuwa. Tun da na jefa takardar a gidan waya raina bai kwanta ba. Ka ƙone ta. Kada ka gaya wa kowa, musamman mutanenmu da ke can, don kowannensu yana da uwa a nan da yake rubuto mata. Tsofaffin ɗaliban Baba sun yi kwamiti, Lauya Lezama ne shugaba, za su sa wa sabon zauren makaranta sunansa bayan bikin Ista. Ba mu da fili, ba mu da gida namu, Ormond. Sunan nan kaɗai ya tara, kuma ina so ya tafi da shi a tsaye.

Ismay


Landan, Oktoba 1953

Yaya Ismay,

Na samu takardarki ta watan jiya, na gode Allah da kuna lafiya. Ni ma lafiya, sai tari, wanda a nan ba a sa shi cikin cuta domin kowa yana yi. Ki ce wa Tanti Philo gaskiya ne, kuma ba barkono kaɗai ba, har gishiri sai ka roƙa. Har yanzu taragon jirgin ƙasa nake sharewa. Na tashi daga gidan matar nan mai kyanwoyi, ta ce jitata tana hana su barci. Sabon adireshi yana bayan ambulan. Mu uku ne a ɗakin da murhun kananzir ɗaya, duk inda zan shiga warin yana riga ni, har samarin nan sun raɗa mini Sarkin Kananzir. Na karɓa, ai mawaƙi ba ya waƙa da sunan baftisma.

Labarin Baba da awaki, Yaya, a cikin tarago na karanta shi, na yi dariya har Baturen da ke duba aikinmu ya leƙo. Bakwai sau takwas! Ita ce ta ci ni shekara guda, kin tuna. Ashe ko bunsuru bai tsira ba. Kin iya ba da labari, da namiji ce ke da kin kori mawaƙan Port of Spain daga rumfunansu.

Yanzu ki zauna ki ji nawa. Duk Lahadi da yamma mukan taru a ɗakin ƙasa na gidan Mis Verna, wata 'yar Grenada mai ciyar da mu shinkafa da wake. Jita biyu, kwalba da cokali, giyar rake kaɗan. Mutum ya yi mako ba wanda ya dubi idonsa a titi, sai ranar yake tuna cewa shi mutum ne. A nan muke zambo irin na gida, mawaƙa biyu su tsaya, kowa ya ƙirƙira nan take, wanda bakinsa ya fara tsayawa ya faɗi. Wani ɗan San Fernando mai kiran kansa Gatari ya sa ni gaba. Ya ce ɗan hedimasta ya haye teku don ya riƙe tsintsiya, ubansa ya koyar da lauyoyi ya manta da na cikin gida. Ɗaki ya ɗauka. Ni kuwa kaina fayau, ko kalma babu. Kin san dokar abin, in za a fasa ka, ka riga su fasa kanka, kuma ka fi su iyawa. Takardarki tana aljihuna, sai na ji bakina yana cewa:

Tica Gittens na Tunapuna,
kwat a sama, ƙasa sai iska,
ya kira Lezama, akuya ta amsa,
jaki ya makara, ya sha sanda,
kilin-kilin, yara a shiga aji!

Yaya, ɗakin nan kamar zai rushe. Mutanen da suka yi watanni ba su ga haƙoran juna ba suna riƙe ciki. Mis Verna ta zauna daɓas a ƙasa tana share hawaye da gefen riga. Wani daga baya ya yi ihu, "Ƙarya kake, Kananzir!" Na ce, "Kasuwar Tunapuna, ranar Asabar, je ka tambaya!" Kin san waƙarmu ta kalifso, in babu suna babu gari, tatsuniya ce, ba mai tsayawa ya ji. Gatari da kansa ya ajiye jita ya ce, "Ɗan banza, ka kashe ni. Ubanka ya fi nawa."

To akwai wani Bature a wurin, mai ƙaramin kamfanin faifai, yakan zo ya zauna a lungu yana zufa. Ya ce in ƙara baitoci in zo a ɗauka. Faifai, Yaya! Da sunana a rubuce a tsakiya. Kin tuna ranar da Baba ya karya mini jita a kan tebur, ya ce kalifso ba ta kai mutum ko'ina sai ofishin 'yan sanda? To ga shi ita da shi sun haɗu sun kai ni wani wuri.

Na san za ki ɗan ɓata fuska. Kada ki damu, nan ba wanda ya san shi, kuma teku ce tsakaninmu. Ki gaishe shi, ki ce na nemi izinin fita daga aji.

Ƙanenki,
Ormond, Sarkin Kananzir


Tunapuna, Nuwamba 1953

Ormond,

Muna lafiya. Ban da ƙarfin tambayar taka lafiyar, na ga ai tana da yawa.

Rabin takardata ka karanta. Ka karanta bunsuru da jaki, ka tsallake zanen Tanti Philo. Da wasa na rubuta maka, e, domin da na rubuta shi yadda yake a raina da tawadar ta wanke kafin ta iso. Wa nake da shi da zan gaya wa in ba kai ba? Kasuwa guda ta rufa wa tsohon nan asiri, har mai gawayi da Baba ya taɓa kora daga aji. Ɗansa na cikinsa ne ya cire masa wando a gaban mutane, ana tafa masa.

Na rubuto maka ta biyu ina roƙonka ka ƙone ta farko. Na ga tsohon gidan ta tafi, je ka wajen mai kyanwoyi ka karɓa.

Wai teku ce tsakani. Shekara uku kacal ka manta? Jirgin da ke kawo takardarka shi ke kawo faifai. Chin mai kantin giya yana da garmaho a bakin ƙofa, kuma duk waƙar da mutanenmu suka yi a Landan tana isowa nan kafin bikin Kanival, har an fi son su da na gida. Ka sa sunan Baba, ka sa sunan gari, ka sa sunan Lezama, mutumin da ke riƙe da maganar zaure.

Ka je wajen Baturen nan yau, ba gobe ba. Ka durƙusa masa in ta kama. In ba a ɗauka ba kada a ɗauka, in an ɗauka a fasa. Ni ba zan iya komai daga nan ba sai wannan takarda, ita ma sai ta yi makonni tana lilo a kan ruwa, ina zaune ina kallon Baba yana goge ƙararrawarsa.

Ismay


Landan, Disamba 1953

Yaya,

Ina gaishe ki, ina gaida Baba. Ina lafiya, ko da yake ban cancanci ki tambaya ba.

Ranar da takardarki ta zo na tafi gidan mai kyanwoyi. Ɗayar tana bayan agogon bangonta, da sawun kyanwa a kai. Ta ce ta manta. Na karanta ta a tsaye a bakin titi. Da ta same ni a kan kari da ban taka ƙofar kamfanin nan ba.

An riga an ɗauka, Yaya. Tun kafin takardarki ta baro Trinidad aka ɗauka. Har ƙararrawa ta gaske suka samo mini, mai ganga yana kaɗa ta a wajen amshi. Na je wajen Baturen, na yi masa bayani, na ce ubana ne, ba shi da lafiya. Ya saurare ni sosai, ya ba ni shayi. Ya ce ya tausaya, amma akwatuna sun bar tashar jirgi, wasu Trinidad, wasu Jamaika, wasu har Legas da Akara. Ya ce bai taɓa buga faifan da ya tafi kamar wannan ba, kamata ya yi in yi alfahari. Na ce a canza suna a bugu na gaba. Ya ce mutane sun riga sun haddace.

Sai na yi wauta ta biyu. Akwai shago ɗaya a unguwarmu mai sayar da fayafayanmu. Na kwashe duk nawa da ke wurin, na kai bayan tashar jirgi na farfasa su da ƙarfe. Da na koma bayan mako guda mai shagon ya rungume ni, ya ce waƙata ta ƙare a yini ɗaya, ya sa an kawo ninki.

Ban san abin da zan ce miki ba. Ba don in wulaƙanta shi na yi ba. A ɗakin nan na Mis Verna, da na ambaci Tunapuna, sai da na ji warin kasuwar a hancina, na ga kamar yana tsaye a wurin. Na ɗauka abin zai tsaya a ɗakin, kamar yadda zambo ke tsayawa a rumfa.

Abu ɗaya nake riƙe da shi. Kin san kalifso shekara ɗaya take rayuwa. A yi ta a rumfuna, a yi ta a titi ranakun Kanival, Larabar Toka ta zo a shiga azumin coci, kowa ya yi shiru, baɗi a zo da sababbi. Wa ke tuna ta bara? Ki daure zuwa Larabar Toka, ki rufe tagogi. Zaure bayan Ista ne, kafin nan ta mutu.

Zuwa gida ba ni da halinsa, in ma ina da shi ban san da wace fuska zan sauka ba. Mis Verna ta samo zoɓo don Kirsimeti, na kai baki na ajiye kofin.

Ormond


Tunapuna, Larabar Toka, 1954

Ormond,

Na daɗe ban rubuto ba domin ba ni da abin faɗa da zai yi maka amfani. Jikinmu lafiya. Yanzu na dawo daga coci da toka a goshi, gari ya yi tsit, shi ne na samu hannun riƙe alƙalami.

Faifan ya iso a watan Janairu. In faɗi gaskiya, Chin ya ƙi sa shi da farko, ya ce Tica ne ya koya wa 'ya'yansa karatu. Amma mai kantin bakin tasha baƙo ne, bai san kowa ba, ya sa. Mashaya suka koma can, Chin ya ga kujerunsa sun yi sanyi, shi ma ya sa. Ban ga laifinsa ba. Waƙar tana da daɗi, abin da ya fi ci mini rai ke nan. Na kama kaina ina taka keke da kiɗanta.

Manya sun ci gaba da cewa barka da safiya Tica, amma yanzu suna kallon ƙasa. Yara kuwa ba su san kallon ƙasa ba, in mun wuce sai a ji "meee" daga bayan shinge. Ranar Litinin ta Kanival wasu samari daga wani gari suka biyo ta layinmu da ƙahonin kwali, ɗaya a gaba da kwat da gajeren wando yana kaɗa ƙararrawa. Tanti Philo ta watsa musu ruwan wanke kifi, suka ɗauka wasan ne. Kwamiti ya aiko mini da ɗan saƙo cewa an ɗage maganar zaure sai an ga hali. Lauya Lezama bai sa hannu ba. An ce a kotu ma in ya miƙe sai wani ya yi tari irin na akuya.

Na rufe tagogi kamar yadda ka ce. Amma mutum yana bukatar aski. Ina riƙe da hannun Baba za mu wuce kantin Chin, sai aka sa. Na ja shi, ya ƙi motsi. Na dubi fuskarsa ina jiran abin da nake tsoro tun Nuwamba. Sai na ga yana murmushi. Ya ce, "Ormond ne."

Bai gane kalmomin ba, Ormond. Sun wuce shi kamar ruwan sama, har sunansa da ke ciki. Muryarka kaɗai ya kama. Mutumin da ya manta ni, ya manta cewa Mama ta rasu, ya ji ka cikin hayaniyar mashaya ya gane ka. Ya cire hula ya tsaya har waƙar ta ƙare, ya ce da Chin, "Yaron yana ciki? Me ya sa ba ya fitowa ya gaishe ni?" Chin ya rasa inda zai sa idonsa, ya ce, "Yana aiki, Tica."

Tun ranar kullum sai ya je. In na hana shi ya yi ta jijjiga ƙofa. Yakan tsaya a bakin kantin da hula a hannu, ana rera yadda ya fita ba wando, yana kaɗa kai. In ƙararrawar cikin faifan ta buga sai ya miƙe ƙirji. Da farko mashaya suna dariya, daga baya suka daina. Ni nakan tsaya a tsallaken titi, domin ban iya matsowa ba kuma ban iya tafiya ba.

Yau dai an rufe garmaho a ko'ina. Na gode wa Allah. Allah ya sa waƙar ta mutu kamar yadda ka ce, in huta.

Ismay


Landan, Maris 1954

Yaya,

Ina gaishe ku. Tarin ya yi sauƙi. Na karanta takardarki sau ɗaya, ban iya maimaitawa ba.

Na daina rera ta. Ranar Lahadi a gidan Mis Verna suka yi ta kira, "Awaki! Awaki!" na ce ba zan yi ba. Wani ya ce, "Kananzir ya zama fasto!" Gatari ya karɓi jita ya yi musu, da ƙarin baiti biyu nasa waɗanda suka fi nawa muni. Yanzu shi ke yin ta a gidajen rawa, Turawa suna amsa kilin-kilin. A nan ba a san Larabar Toka ba, faifai kuma ba ya azumi. Ni na haifi abin, amma ba na da iko da ko kalma ɗaya a cikinsa.

Ga abin da na iya. Akwai wani ɗan akwati a babbar tasha, mutum ya shiga ya rufe ƙofa ya yi magana, inji ya yanka masa ƙaramin faifai. Na shiga na rera waƙar yabon nan da Baba yake buɗe makaranta da ita kowace safiya. Na yi ta a hankali, da ladabi, kowace kalma a wurinta, yadda ya sha dukanmu mu yi. A ƙarshe na ce, "Baba, Ormond ne, ina gaishe ka." Na ba wani ɗan Arima mai dafa abinci a jirgin ruwa, zai kawo miki har gida. Ki ari garmaho ki sa masa. In muryata yake so, ya ji ta a kan abin da ba zai zubar masa da girma ba, ke ma ki daina tsayawa a tsallaken titi.

Ƙanenki,
Ormond


Tunapuna, Afrilu 1954

Ƙanena,

Ina gaishe ka, da fatan tarin ya tafi gaba ɗaya. Ni lafiya. Baba ya rame.

Na gode wa Allah da wuri a wancan karon. Washegarin Larabar Toka ya sa kwat ya tafi kantin Chin kamar kullum, ya cire hula, ya tsaya. Shiru. Ya tsaya har rana ta take. Haka kashegari, haka wanda ya biyo. Na roƙi Chin ya sa ko sau ɗaya, ya ce, "Mis Ismay, kalifso cikin azumi? Matata za ta kore ni, maƙwabta su jefe mini rufi." Baba ya fara ture abinci. Ya ce mini, "Sun tafi da yaron. Ko ni na kore shi?" Na ce a'a. Ya ce, "Na yi masa tsanani." Ya juya fuska bango.

Sai ga ɗan Arima da ƙaramin faifanka. Na aro garmahon Chin, tunda zaune yake, na gyara Baba a kujera na sa masa. Ni na yi kuka, ba zan ɓoye maka ba. Shi kuwa ya saurara har ƙarshe da hannu a kunne, kamar yadda yake yi ranar jarrabawa. Ya ce, "Wannan ɗan wa ne? Yana da ladabi." Na ce, "Ormond ne, Baba, ba ka ji ya faɗi sunansa ba?" Ya ce, "A'a. Nawa mara kunya ne. Nawa yana dariya cikin waƙa." Ya ture kwanon da na ajiye masa.

Na zauna na yi ta kallon kwanon. Daga nan na ɗaura ɗankwali na koma wajen Chin, na ce ya ba ni ɗayan faifan, na awaki. Matarsa ce ta naɗe shi a takardar burodi don kada a gani a hanya.

Ga yadda muke yanzu. Ni Ismay, mai rera waƙa a coci, cikin makonnin azumi, nakan rufe tagogi, in cusa tsumma a bakin garmaho, in murɗa hannun da kaina, in sa wa ubana waƙar da ta hana shi zaure. Yana ji yana cin abinci. In ta ƙare cokali ya tsaya, sai in sake murɗawa. Na haddace ta duka, har inda kake jan numfashi kafin ka ce jaki. Tsumma ba ya hana sauti fita, layin nan duk sun sani. Tanti Philo takan zo ta zauna a kan matakala ta ɗaga murya da waƙar yabo don ta rufe mu, kuma ka san muryar Tanti Philo. Shekaranjiya limamin cocinmu ya wuce daidai lokacin, ya tsaya yana duba takalminsa, ya yi gaba.

Jiya da waƙar ta ƙare Baba ya share baki ya ce, "Yaron nan yana da murya. Kada ki gaya masa, kansa zai kumbura." To na gaya maka.

Ban yafe maka ba tukuna, kuma ban san ranar ba. Amma ba wannan ya sa na rubuto ba. Faifan Chin ya sha allura tun Janairu, ya fara cinyewa, yana tsalle daidai wajen sunan Lezama, muryarka tana nitsewa cikin ƙara. Shekaranjiya sai da Baba ya matso da kunne yana tambaya ko ka yi nisa ne. Na aika Port of Spain, an ce sun ƙare, kuma ba a kawo kalifson bara. Kada ka sake rera ta, kada ka gyara ko kalma ɗaya, ba zai karɓa ba. Wancan ɗin nake so, mai dariyar.

Ka ce ka farfasa duk wanda ka samu. Ina fata ka bar ɗaya.

Yayarka,
Ismay